Allon Silin da Ya Ƙi Kwanciya

Cikin ranakun aikina akwai wadda har yau ban mance da ita ba, ranar da allon silin ya ƙi kwanciya a wani coci da ke wani ƙauye bayan Kwoi. Ina tsaye a ƙasa, takardar awo a hannuna tana cewa komai daidai ne, allo kuwa a sama yana cewa ƙarya ne. Ku da kuka shigo ofishin nan daga baya kun sha jina ina tambaya ko an duba kusurwa ta huɗu kafin in sa hannu a kan jerin awo. Na san wasunku sun ɗauka tsirfa ce kawai irin ta manya. To, bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

Lokacin shekarata biyu da fara aiki a nan Kafanchan, matsayina ƙaramar mai zane. Ga wanda bai san yadda ofis irin namu yake ba, aikin hawa uku ne. Mai gidanmu, Oga Danladi, shi ne babban mai tsara gini. Shi ke zama da masu aiki, ya ji abin da suke so, ya fitar da siffar ginin, kuma sa hannunsa ne ke kan kowace takarda. Akwai injiniya mai lissafin ƙarfe da siminti, don kada gini ya faɗo wa mutane. Sai kuma mu masu zane, da ke ɗaukar tunanin waɗannan biyun mu gina shi a cikin kwamfuta, mu fitar da takardun da birkila da welda da kafinta za su riƙe a hannu. Idan lamba ɗaya ta kauce a takardarmu, zarto ba ya tambaya, yanka kawai yake yi.

Kwamitin ginin cocin sun zo da buƙata wadda ba a saba ji ba. Ba sa son dogon zaure mai kusurwa huɗu irin na kowa. Wani dattijo a cikinsu ya ce suna son gidan Ubangiji ya yi kama da ɗakin kakanninsu, wanda ba zagayayye sosai ba ne, siffar ƙwai gare shi, rufinsa ya faro ƙasa-ƙasa daga bakin ƙofa, ya yi ta hawa a hankali har ya yi tsini can baya. A coci, tsinin zai faɗo daidai saman bagadi. Oga Danladi ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya zana, injiniya ya lissafa, aka yi bango, welda ya ɗaura ƙarafan rufi, aka buga kwano. Saura silin na ciki, wanda zai bi wannan siffa ta ƙwai. Shi ne Oga ya miƙo mini ya ce, "Alheri, wannan naki ne daga farko har ƙarshe. Ni dubawa kawai zan yi." Shi ne aiki na farko da aka sakar mini gaba ɗaya.

Sai in ɗan yi bayanin yadda ake yi, saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. A cikin manhajar zanen gini, kana iya zana fuskar silin sumul kamar cikin ƙwarya, ba gaɓa ko ɗaya. Amma babu shagon da ke sayar da allo mai siffar ƙwarya. Allo a shimfiɗe yake zuwa, dole a yanka shi gunduwa-gunduwa a jera. Saboda haka manhajar tana da wani umarni na raba fuska gida-gida, kamar gidajen dara. Kai za ka faɗa mata layi nawa kake so su zagaya, layi nawa kuma su hau daga ƙasa zuwa tsini. Duk inda layi biyu suka haɗu, nan ne kusurwa. Kusurwa huɗu su ne gida ɗaya. Daga nan ka zaɓi irin allon da kake so, ka danna sau ɗaya, sai ta cike kowane gida da allonsa, ta kuma ba ka jerin awon kowanne.

Ranar da na fara danna wannan umarni a kan silin ɗin, na daɗe ina kallo. Gida ɗari da sittin suka fito lokaci guda, a jere, kowanne ya kwanta luf a mazauninsa. Na yi ta juya ginin a fuskar kwamfuta, in leƙa ta ƙofa, in leƙa ta bagadi. Na rage layi, na ƙara layi, don in ga wane rabo ne zai fi cin allo da kyau ba tare da ɓarna ba. Na fitar da takarda biyu. Ɗaya ta welda, mai nuna inda kowace kusurwa za ta tsaya a sama, don ya ɗaura siraran ƙarafan da za a liƙa katakon riƙe silin. Ɗaya kuma ta kafinta, mai tsawon gefe huɗu na kowane allo. Oga ya duba, ya sa hannu.

Kafintan sunansa Baba Ayuba, ɗan garin ne, dattijo ne a cocin, gajere mai furfura, kullum da fensir a bayan kunne. Da na kai masa takardar ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya miƙo mini abata.

"Injiniya, lamba ɗaya bai zo ba," in ji shi. Haka yake kirana, ko da na sha gaya masa ni ba injiniya ba ce.

"Wace lamba, Baba? Ga gefe huɗu nan duka."

"Kwana-da-kwana. Daga wannan kusurwa zuwa wancan na ƙetare." Ya ɗauko guntayen katako huɗu ya haɗa su a ƙasa kamar firam, sannan ya tura gefe ɗaya da ƙafa, firam ɗin ya karkace. "Kin gani? Tsawon su bai canza ba, amma siffa ya canza. In ba ki ba ni na tsakiya ba, ni ban san wane allo kike nufi ba."

Ban ji daɗi ba, don wannan na nufin in koma Kafanchan in ƙara wa gida ɗari da sittin lamba ɗaya-ɗaya. Yini guda ya ci mini. Amma na yi, na kawo masa.

Allunan kuwa ba na banza ba ne. Irin na siminti ne, masu ƙarfi, waɗanda gara ba ta ci, ruwa kuma ba ya kumbura su. Zumuntar matan cocin ce ta kawo su. Damina biyu suna noman citta a gonar coci, su haƙa, su fere, su shanya, har suka iya sa aka ɗauko allunan a mota daga Kaduna. Shugabarsu, Mama Tabita, ita ke riƙe da makullin ɗakin da aka jera su, kuma ba a fitar da ko ɗaya sai tana tsaye. Ni na faɗa musu adadin da za su kawo, na ɗora 'yan kaɗan a kai saboda tsautsayi. An kuma riga an sa ranar bikin buɗewa da keɓe ginin, saura mako biyar, an aika wa manyan baƙi takarda.

Wata Talata da safe na hau mota zuwa Kwoi, daga can na hau mashin zuwa ƙauyen, don in ga yadda aka fara ɗora silin. Na tarar Baba Ayuba ya riga ya yanka allo arba'in da takwas, ya jingine su a bango, kowanne da lambarsa. Shi da abokan aikinsa biyu suna kan sikafol, wato dandamalin gora da ake hawa a yi aiki a sama. Sun fara da layin tsakiya, wanda ya tashi daga saman ƙofa ya miƙe zuwa bagadi, allunan kuma sun zauna kamar an haife su a wurin. Raina ya yi fari. Har na ɗauki hoto na tura wa Oga.

Sai suka matsa gefe. Layi na biyu ya zauna, ko da yake na ga Baba ya ɗan tsaya yana danna wata kusurwa da babban yatsa. A layi na uku ne ya kira ni.

"Injiniya, hau ki gani."

Na tattare siket na hau. Ya ɗora allo a gidansa. Gefunan sun yi daidai, ba ƙari ba ragi. Kusurwa uku sun taɓa katako. Ta huɗu kuwa tana tsaye a iska, tsakaninta da katako kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. Ya danna ta, sai ta ƙetarenta ta ɗaga. Ya danna waccan, wannan ta ɗaga. Allon yana rawa kamar tebur a kan ƙasa mai gargada.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne welda ya yi kuskure. Na karɓi tef ɗin awo na auna kusurwoyin huɗu daga igiyar da aka ja a matsayin ma'auni. Duk suna inda takardata ta ce su tsaya. Na ce to ko Baba ne ya kauce a yanka. Muka sauko da allon muka auna, gefe huɗu da kwana-da-kwana, ko milimita biyu bai kauce ba. Ɗaya daga cikin abokan aikin ya ce a ɗaure kusurwa ukun da sukuru, a ja ta huɗun a hankali, wataƙila allon ya bi. Na yarda. Ya ja, ya ja, sai muka ji ƙas. Allon ya tsage daga kusurwa har tsakiya. Muka ce wataƙila wannan yana da rauni tun daga shago, muka gwada na kusa da shi. Shi ma ya tsage. Na uku ma haka.

Mama Tabita tana bakin ƙofa, ta ji ƙarar duka ukun. Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso ƙarƙashin sikafol ta ce, "'Yata, allon ne ba shi da kyau? In an cuce mu ne, ki faɗa mini in sani."

Na ce, "Mama, allon lafiyarsa lau. Ban san abin da ke faruwa ba tukuna, amma ba daga allon ba ne."

"To a daina fasawa har a sani," in ji ta. Ta juya ta kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Na fita waje na kira Oga Danladi. Yana Kachia wajen wani aiki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Lokaci ba ya jiranmu, Alheri. In allon siminti ba zai bi ba, a koma silin na roba, shi yana lanƙwasa. Zan yi wa kwamiti bayani."

"Oga, allunan na zumuntar mata ne. An riga an yanka arba'in da takwas."

"Na sani. Kina da wata hanya?"

"Ba ni da ita. Amma ina so in gane dalili. Welda daidai, kafinta daidai, takarda daidai, allo kuma ya ƙi. Ka ba ni zuwa gobe da rana."

Ya ce, "Gobe da rana."

Gaskiya tsoro yana nan, amma abin da ya fi cina a lokacin shi ne mamaki. Ta yaya abu uku za su zama daidai, haɗuwarsu kuma ta zama kuskure? Kuma me ya sa layin tsakiya ya zauna, na gefe ya ƙi? Na shiga ɗan ɗakin da ke jikin tsohon cocin, Rabaran ya sa aka tayar mini da janareta, na buɗe laftof. Na nemo gidan da allonsa ya fara tsagewa, na ware shi shi kaɗai, na ɓoye sauran ginin. Ta gaba lafiyarsa ƙalau. Sai na juya shi ta gefe, ina kallonsa ta bakinsa kamar yadda ake duba wuƙa ko ta miƙe. Allon da ke shimfiɗe, in ka dube shi ta baki, layi ɗaya siriri za ka gani. Wannan kuwa ya ƙi zama layi. Duk yadda na juya shi, sai wata kusurwa ta leƙo. A murɗe yake, kaɗan ƙwarai, kamar ganyen ayaba.

Na zana wani shimfiɗaɗɗen faranti na ɗora shi a kan kusurwa uku, na auna nisan ta huɗu daga farantin. Lambar da ta fito ita ce faɗin yatsa ɗaya da rabi da na gani a sama. Ashe manhajar ba ta yi ƙarya ba. Na ce ta cike gida da allo, ta cike. Allon da ke cikin kwamfuta ba shi da tauri, ko wane irin murɗi ka ba shi zai karɓa ba tare da ƙorafi ba. Ni ce ban tambaye ta ko allon a shimfiɗe yake ba, ita kuma ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Daga nan na kasa tsayawa. Na sa ta auna wannan rata a kowane gida, ta shafa wa masu ƙaramar rata kore, masu babba ja. Sai ga hoton cutar gaba ɗaya. Layin tsakiya kore shar, saboda a nan hagu da dama na kowane gida ɗaya suke, babu abin da zai murɗa shi. Kana matsawa gefe launin yana canzawa, har ka kai kafaɗun ginin biyu, inda rufin yake lanƙwasawa yana kuma karkata zuwa tsini a lokaci guda. Nan ja wur. Da silin ɗin ƙwarya ce zagayayya mai tsini a tsakiya, da babu abin da zai faru. Siffar ƙwan ce, da tsinin da ya koma baya, suka kawo murɗin.

Na ɗauki laftof ɗin na je na sami Baba Ayuba a gindin mangwaro yana cin dafaffiyar gyaɗa. Na nuna masa, na yi ta bayani da hannu. Ya bar ni na gama, sannan ya tashi ya jawo wani benci ya ajiye a kan saiwoyin mangwaron. Bencin ya yi rawa. Ya jawo wata 'yar kujera mai ƙafa uku da matan ke zama a kai in suna girki, ya ajiye a wuri ɗaya. Ta zauna daram.

"Wannan ne maganarki?" ya tambaya.

"Shi ne, Baba."

"To ai tsohon magana ne. Ƙafa uku ba ya rawa ko a kan dutse. Ƙafa huɗu sai ƙasa ya yarda."

Na ce idan haka ne sai mu raba silin ɗin da alluna masu kusurwa uku, manhajar tana iya yi cikin minti ɗaya. Ya girgiza kai. Ya ce minti ɗaya a wurina, amma arba'in da takwas ɗin da ya yanka fa? In aka sake sabon rabo, sabon awo ne, waɗannan sun zama shara, ragowar da ke ɗaki kuma ba za su rufe silin ba. Wa zai je ya gaya wa Mama Tabita a sake damina ɗaya?

Muka koma cikin ginin muka tsaya gaban allunan da ke jingine. A nan idona ya sauka kan wani abu da na yi ta gani tun safe ban kula ba. Kowane allo yana da layin fensir daga kusurwa zuwa kusurwar ƙetare. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ai da shi yake farawa. Yakan ja kwana-da-kwana tukuna, sannan ya fitar da gefe biyu ta wannan ɓangare, biyu ta wancan.

Na ce, "Baba, wato kowane allo a nan, guda biyu ne masu kusurwa uku da ba a raba ba?"

Ya cire fensir daga bayan kunne ya sosa kai da shi. "In lambar da kika ba ni na gaskiya ne."

Wannan ita ce tambayar. Daga ina manhajar ta ɗauko tsawon kwana-da-kwana? In ta bi bayan murɗaɗɗen allon ne ta auna, lambar ba za ta yi amfani ba. In kuwa ta ja miƙaƙƙen layi ne a iska daga kusurwa zuwa kusurwa, to kowane rabi daidai yake da mazauninsa. Na buɗe na duba yadda na yi a wancan yinin da na yi ta guna-guni. Miƙaƙƙen layi ne, kusurwa zuwa kusurwa. Ban yarda da idona ba, na sa aka hau da tef aka auna a kan katakon kansa, a gida uku dabam-dabam. Lambobin suka yi daidai da takarda.

Baba bai yarda a taɓa allo ba tukuna. Ya samo kwalin taliya, ya yanka shi daidai awon wani gida daga cikin jajayen, ya ja wuƙa a kan layin tsakiya ba tare da ya raba ba, ya hau da shi. Kwalin ya ɗan karye a kan layin, kusurwa huɗu suka taɓa katako lokaci guda. Ya leƙo ƙasa yana dariya, haƙoransa biyu na gaba babu.

Saura mai makulli. Na je na sami Mama Tabita a gidanta tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, na gano. Laifin daga takardata ne, ba daga allo ba, ba daga Baba ba. Uku da suka fashe, ni na fasa su." Na gaya mata abin da muke so mu gwada, na ce allo ɗaya kawai nake roƙo, cikin waɗanda aka riga aka yanka.

Ta dube ni ta ce, "Da safe kun fasa da sukuru, yanzu kuma za ku raba da zarto, shi ne gyaran?"

"Shi ne, Mama."

Ta kakkaɓe hannu ta ɗauki mayafi. "Mu je in gani da idona."

A gabanta Baba ya ɗora allon a benci, ya bi layin fensir da zarto. Ya gitta ɗan katako tu-bai-tu a cikin gidan, daga kusurwa zuwa kusurwa, don bakin kowane rabi ya sami abin kamawa. Aka ɗora rabi na farko, ya zauna. Aka ɗora na biyu, ya zauna. Kaurin da zarto ya ci ma ya zama 'yar ratar da ake bari a tsakanin alluna don shafa abin toshewa. Baba ya buga allon da tafin hannu, ko motsi. Mama Tabita ta daɗe da kai a sama. Sannan ta kwance makullin daga bakin zane ta miƙa wa Baba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Gutsattsarin ukun nan kada a zubar. Za su shiga wani wuri." Haka kuwa aka yi, daga baya an fitar da ƙananan alluna na kusa da tsini daga jikinsu.

Na kira Oga tun kafin la'asar, ban jira gobe ba. Ya sa na maimaita bayanin sau biyu, sannan ya ce, "Ni ma na sa hannu a takardar nan ban duba ba. Turo mini hoton mai launin nan in gani." Ya ce a raba dukan gidajen, har da korayen layin tsakiya, don kada silin ya fito rabi wani iri rabi wani iri. Aka sauko da waɗanda aka riga aka ɗora.

Aikin ya ninka, wannan ba a ɓoye yake ba. Kowane gida ya ƙaru da katako ɗaya da gaɓa ɗaya da za a toshe a goge. Baba da mutum biyu ba za su gama cikin mako biyar ba. Ranar Lahadi Rabaran ya yi sanarwa, ranar Litinin mazan cocin suka fito kamar gayyar noma. Wani malamin firamare ya karɓi aikin rubuta lamba a bayan kowane rabi, don kada a haɗa rabin wannan gida da na wancan. Ni kuma na yi mako biyu ina kwana a gidan Mama Tabita, kullum da safe ina kan sikafol da takarda. An gama ana saura kwana huɗu. Da aka shafa farin fenti, hasken taga ya riƙa faɗa wa kowane rabi dabam, wani ya yi haske wani ya yi inuwa kaɗan. Baƙi da yawa sun ɗauka da gangan aka tsara shi haka. Duk wanda ya tambaye ni, nakan gaya masa gaskiya.

Bayan kamar wata biyu, Baba Ayuba ya shigo Kafanchan sayen bakin zarto, ya biyo ta ofis. Ya ce yana so ya ga cocin a babbar kwamfuta, don ranar nan a gindin mangwaro rana ta hana shi gani da kyau. Na zaunar da shi a kujerata, a wancan tebur na kusa da taga, na ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar, na nuna masa yadda ake juyawa. Da farko ginin ya yi ta wulwulawa, yana cewa, "Tsaya mana, tsaya." Can ya gane. Ya shiga ta ƙofa, ya ɗaga kai, ya nemo gidan da allonsa ya fara tsagewa, ya nuna mini shi ba tare da na faɗa masa lamba ba. Sai na cire masa kwanon rufi da ƙarafa, na bar silin kaɗai, na ɗaga shi sama yana kallonsa ta baya, kamar tsuntsu.

Ya saki linzamin. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Shekara arba'in ina buga silin," in ji shi, "kullum daga ƙasa nake ganinsa, wuya a karye. Ashe haka bayansa yake."

Abin da wannan aiki ya koya mini ba shi da tsawo. Manhaja tana yin abin da ka ce ne, da sauri, da kyau, ko da abin da ka ce ba zai yiwu da siminti da katako ba. Kyan hoto a fuskar kwamfuta ba shaida ba ne. Kuma mutumin da zai riƙe zarto, in ya ce wata lamba ba ta zo ba, kada ka tsaya gardamar wa ya yi makaranta. Ka koma ka kawo masa, ko da ba ka ga amfaninta ba a ranar. Masu aikin hannu kuma ba ƙin na'ura suke yi ba, kamar yadda wasunmu ke zato. Ba a dai cika ba su kujera su zauna ba ne.

Baba ya kai kusan awa ɗaya a teburin nan. Mai motar Kwoi ya aiko sau biyu cewa mota ta cika. Da zai tashi ya riƙe bayan kujerar ya ce, "Injiniya, kafin in tafi, sake ɗaga ni sama sau ɗaya."